Tafiyar Dare Bisa Keke: Mu Tashi Cikakku, Mu Dawo Cikakku



Malamanmu, iyayenmu da suka bar hidimominsu suka zo, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana matasa maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Kwamitin shirya taro ya ɗora mini magana a kan wani abu da kusan kowane namiji a cikinmu yake yi, kowace mace kuma tana da wa ko ƙane da yake yinsa: tafiyar dare a ƙungiyance bisa kekuna.

Kun san lokutan. Wa'azi a wani ƙauye da ba a tashi sai bayan isha'i. Ta'aziyya ko ɗaurin aure da aka ce za a je a dawo da la'asar, sai hira ta yi daɗi, rana ta faɗi ana can. Rakiyar ɗalibanmu zuwa musabaƙa. Tahajjud a goman ƙarshe na azumi. Dawowa daga fadama ko daga kasuwar mako. Duk tafiye-tafiyen alheri ne, kuma ban zo in ce a daina ba. Keke shi ne abin hawan da muke da iko da shi, ba ya shan mai, ba ya neman takarda. Abin da na zo da shi magana ɗaya ce, kuma ina roƙon ku riƙe ta ko da kun manta sauran: a cikin dare, kai kana ganin mota, ita ba ta ganinka. Duk tsarin da zan kawo daga wannan maganar ya fito.

Hanyar da ta ratsa garinmu

Mu fara da sanin inda muke. Kwaltar da ta ratsa Gure ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Maraɗi da Damagaram, ta wuce mu zuwa Gudumariya, Maine-Sorowa, Diffa har Ngigmi. Daga Damagaram zuwa nan, ta Mirya da Gidimuni da Gidigir, sama da kilomita 160 ne. Ma'ana, direban da ya iso bakin garinmu da dare ya riga ya yi sa'o'i yana tuƙi, wani ma tun jiya yake bisa hanya. Siterni mai ɗauke da man matatar SORAZ zuwa gabas, kamyo mai tattasan Diffa ko busasshen kifin tafkin Cadi zuwa yamma, motar dabbobi, manyan motocin fasinja, duk nan suke bi, da yawansu kuma sun fi son dare saboda sanyin inji da taya. Ba ni da nufin zagin direbobi. Iyayenmu ne da yayyenmu, neman halak suke. Amma mutum ne mai ido biyu, ga gajiya, ga ƙura bisa gilashi, ga nauyin tan da yawa a bayansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a ƙarshen 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku dubi na kusa da ku, shekarunmu ke nan. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu moto, wato waɗanda ba su da ƙarfe kewaye da jikinsu.

Ɗan lissafi kaɗan

Ƴan lekol, ku taya ni. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowane sakan. Ka ce "ɗaya", ta ci mita 25. A makarantun koyon tuƙi ana koya wa ɗalibai hanya mai sauƙi ta sanin tazarar tsayawa: ka ɗauki lambar farko ta gudun ka ninka ta da kanta. Gudun 50, biyar sau biyar, mita 25. Gudun 90, tara sau tara, mita 81. Wannan ƙaramar mota ke nan mai birki lafiyayye bisa kwalta mai kyau. Kamyo mai lodi ya fi haka nesa ba kusa ba.

To, daga ina direba yake fara ganinmu? Mota tana da fitilar kusa, wadda direbobi ke kira kod, da fitilar nesa, far. Idan wata mota tana zuwa daga gaba, dole ya koma kod. A makarantun nan dai ana koyar da cewa da fitilar kusa, mutum mai baƙaƙen kaya ba ya bayyana sai a wajen mita 30, mai fararen kaya wajen mita 50, mai sanye da abin da ke maida haske kuwa tun daga wajen mita 150.

Ku haɗa lissafin da kanku. Yana buƙatar mita 81 ya tsaya, ya gan ka a mita 30. Sakan ɗaya da ɗan ɗoriya ke tsakaninku, kafin ƙafarsa ta kai ga birki ya iso. Ko farar jallabiya da muke taƙama da ita, mita 50 ba ta kai 81 ba. Amma mita 150 sakan shida ne, kuma sakan shida sun isa mutum ya gani, ya gane, ya rage gudu, ya kauce.

Abin da yake ruɗinmu shi ne mu muna hango fitilarsa tun daga nisan kilomitoci, musamman a ƙasarmu da take shimfiɗe. Haskenta ya cika mana ido har muna ganin inuwarmu a gaba, sai zuciya ta ce ai shi ma ya gan ni. Wallahi bai gan ka ba. Haske a idonka daban, kai a idonsa daban.

Yawa ba ya haska kowa

Akwai ruɗi na biyu, shi ne na yawa. Mutum ɗaya bisa keke da dare yana jin tsoro, tsoron kuma yana sa shi ya manne wa gefen hanya, ya kasa kunne. Mu ashirin kuwa, tsoro ya tafi. Ana hira, ana dariya, wani yana tilawa, wani ya kunna waya. Biyu suka jera, na uku ya shigo don ya ji labarin, sai ga mu a tsakiyar kwalta. Kowa ya dogara cewa wani yana duban baya, alhali babu mai duba. Kekuna ashirin marasa fitila duhu ɗaya ne da keke ɗaya marar fitila, sai dai sun fi shi faɗi.

Kuma a cikin ayari ba kowa ne hatsarinsa ɗaya ba. Ku tuna tafiyar da kuka yi ta ƙarshe. Su wa ke gaba? Ƙarfafa, masu sababbin kekuna, masu tocila mai kyau. Wa ke baya? Ƙaramin cikinmu, ko mai aron keken da sarƙarsa ke zamewa, ko wanda ya goyo wani, ko wanda ya gaji yana jin kunyar faɗi. Shi ne ba shi da fitila, shi ne kuma motar da ta taho daga baya za ta fara tararwa. Idan ya faɗi babu wanda ya gani, sai an iso gari a ce ina wane? Mun ba mafi rauninmu wuri mafi hatsari ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba. Wannan shi ne abin da nake so mu juya.

Kayan da keke ke buƙata

Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta duniya da aka ƙulla a birnin Viyana a 1968, wadda Nijar take cikinta, ta lissafa abin da ya wajaba keke ya samu: birki mai aiki, ƙararrawa, jan madubi mai maida haske a baya, farar fitila ko rawaya a gaba, da jar fitila a baya. Babu abu mai tsada a ciki.

Mu kan damu da fitilar gaba don ita ce ke nuna mana rami. Ta baya ta fi ta muhimmanci, domin abin da ke gabanka kana iya kauce masa, na bayanka kuwa sai dai shi ya kauce maka. Wanda bai samu jar fitila ba, ya sami ƙaramar tocila irin ta kasuwa, ya rufe bakinta da jar leda, ya ɗaure ta da roba a ƙarƙashin sirdi tana kallon baya. Ja a baya, fari a gaba, kada a sauya. Direban da ya ga farin haske zai ɗauka abin yana zuwa ne ta ɗaya hannun, sai ya ƙara matsowa dama, inda kake.

Ita kuma ta gaba a ɗaure ta bisa hannun keke, a sunkuyar da ita ta haska ƙasa ƴan mitoci a gabanka. Masu riƙe tocila a baki ko waya a hannu ɗaya, don Allah a bari. Hannun da ya riƙe waya ba zai kama birki ba. Kuma a tafi da pil na canji, ko a cika caji tun da rana.

Madubin nan mai maida haske aikinsa daban da madubin fuska. An ƙera shi ne ya mayar da haske daidai inda ya fito, wato wajen direba. Shi ya sa tsohon faifan CD da wasu ke ɗaurawa a baya ba ya maye gurbinsa, shi watsa hasken yake yi can wani gefe. Abin da ya fi shi ne jile mai ratsin haske irin na masu aikin hanya. In babu, a sayi ƙyallen ratsin a kai wa tela ya ɗinka a bayan riga ko a jaka. A ɗaura wani a idon sawu, domin ƙafar mai tuƙa keke sama da ƙasa take yi, kuma wannan motsin ne ke sa direba ya gane tun daga nesa cewa mutum ne. A riƙa share ƙura daga madubin, wanda ƙasa ta rufe da shi da babu duk ɗaya.

Kafin a tashi, kowa ya matsa birkinsa gaba da baya, ya taɓa iskar taya, ya duba sarƙa. Jallabiya da babbar riga a naɗe su a ɗaure a ƙugu. Idan aka goyo ƙanwa ko uwa, a tabbata bakin hijabi ko mayafi bai sauka kusa da wayoyin ƙafar baya ba, domin idan ƙafar ta kama shi, wuya take ja. Wanda ya sami hular kwano ya sa, ko an yi masa dariya. Kai ba ya da faci.

Tsarin ayari

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da masu ayarin gishirin Bilma da Fashi, ba su taɓa tashi kara zube ba. Akwai madugu, akwai jagaba, kowa ya san matsayinsa. Addininmu ma ya koya mana naɗa shugaba in za a yi tafiya, ko mutum uku ne. To ga shawarata a kan namu ayarin.

Na farko, a ƙirga. Kafin a taka feda a rubuta sunan kowa, a bar kwafi ɗaya a gari wajen wani babba, tare da hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa. A sake ƙirgawa duk inda aka tsaya, da wurin da aka je, da bakin gari in an dawo. Ba a watsewa sai lissafi ya cika.

Na biyu, jagaba a gaba, wanda ya san hanyar da rana, ya san inda rami yake da inda rairayi ya hau kwalta. Ba mai wuce shi. Madugu kuwa, wato babban cikinmu mai ƙarfi da natsuwa, wurinsa can ƙarshe, da jile, da jar fitila mafi haske, da famfo da kayan faci, da waya mai caji da kuɗin kira. Ba ya barin kowa a bayansa. Ƙanana da masu raunin keke su biyo jagaba kai tsaye, gudun ayari kuma ya zama gudunsu. Wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayin tsere ya bari sai Juma'a da safe.

Na uku, layi ɗaya, a hannun dama. Akwai masu cewa gara ka bi hagu kana fuskantar mota don ka gan ta. Wannan ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce. Mai keke in ya fuskanci mota, gudunsa da nata haɗuwa suke: 90 da 15 sun zama 105, maimakon 75 in hanyarsu ɗaya. Kuma jerawa biyu-biyu da tocila tana da wata illa: daga nesa fitilu biyu kusa da juna kama suke da mota guda da ke can nesa ƙwarai, alhali kuna dab da shi.

Na huɗu, tazara. A bar tsawon keke biyu tsakanin kowane mutum da na gabansa, don in ɗaya ya faɗi kada biyar su hau kansa. Amma ku lura, kekuna 20 da irin wannan tazara layi ne na wajen mita 120, ya fi filin ƙwallo tsawo. Kamyon da zai wuce shi sai ya daɗe a hannun da ba nasa ba, in wata mota ta ɓullo kuma kanmu zai dawo. Saboda haka in mun haura takwas, a rabu gida-gida, biyar ko shida, da fili mai faɗi tsakani, kowane rukuni da mai jile a bayansa.

Na biyar, murya. Da dare alamar hannu ba ta da amfani sosai. Jagaba ya ce "rami", "rairayi", "dabba", "tsaya", kowa ya maimaita wa na bayansa. Madugu ya ce "mota", maganar ta taho gaba. Wannan ba zai yiwu ba in kunnuwa a toshe suke, don haka abin sauraren waya ya zauna a aljihu, ko karatun wane shehi ne a ciki. Sau da yawa kunne ke riga ido jin mota.

Na shida, in babbar mota ta taho daga baya, ko biyu za su haɗu a daidai inda muke, a sauka daga kwalta gaba ɗaya a tsaya. Babu jarumta a nan. Iskar kamyo tana fara tura ka waje, sannan ta jawo ka ciki wajen tayoyin baya. Kada ka koma hanya don kan motar ya wuce, tirela tana da tsawo, kuma sau da yawa akwai ta biyu a cikin ƙurar ta farko. In ka hango fitila ɗaya tal, kada ka yanke cewa moto ce, ka ɗauke ta a matsayin kamyo mai ido ɗaya har sai ta wuce. Kuma kada ka kalli fitilar da ke zuwa, ka sa idonka a bakin kwalta na dama. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma cikin ƙiftawa yake rushe wannan sabon.

Wata, magariba da hazo

Mu da muke ƙirga kwanan wata muna da ilimin da ya kamata mu yi aiki da shi. A daren 13, 14 da 15 wata yana fitowa wajen faɗuwar rana ya kwana yana haskawa. Daga nan kullum yana jinkirin kusan minti 50. Zuwa 21 ko 22 sai tsakar dare yake fitowa, zuwa 27 kuwa sai gab da asuba, shi ma siriri. Kun ga ke nan goman ƙarshe na azumi, lokacin da muka fi yawan fita cikin dare, suna cikin dararen da suka fi duhu, ga kuma barci a idon kowa, namu da na direbobi. Tafiyar da muke da ikon zaɓar ranarta, mu sa ta a tsakiyar wata. Sai dai farin wata hanya yake nuna maka, ba ya maye gurbin jar fitila.

Magariba ma a kiyaye ta. A ƙasarmu tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti 20 da ƴan kai ba, kuma lokacin ne ido ke ganin kamar da sauran haske alhali babu. Hanyarmu daga gabas zuwa yamma ta miƙe: mai tuƙi zuwa Damagaram da yamma rana tana cikin idonsa, mai zuwa Diffa da sassafe haka nan. A kunna fitila tun kafin kiran salla. A azumi kuma, gara a tsaya a sha ruwa a gefen hanya da dabino uku da a shiga tseren isa gida tare da masu moto da kabu-kabu. Sauri ya haifi nawa.

Da hunturu, in hazo ya sauka har fitila tana yin fari a gabanka, tafiyar ta ɗagu. A kwana inda ake. Babu ƙauyen da zai hana baƙi tabarma a masallaci.

In an bar kwalta

Hanyoyin ƙauye, ta wajen Kelle ko Bune ko cikin kwaruruka, motoci ba su da yawa, amma suna da nasu. Rairayi yana kama ƙafar gaba ya kayar da mutum nan take. In ka ji ka shiga, kada ka danne birkin gaba, kada ka murɗa hannu da ƙarfi. In ya yi zurfi, sauka ka tura. Amalanke ba shi da fitila, jaki ba shi da madubi, raƙumi kuma sai ka zo dab da shi kake ganin ƙafafu. Ko bisa kwalta dabbobi kan kwanta da dare don ɗumin da ta riƙe. Tsidau da ƙayar aduwa suna jiran taya, don haka kayan faci ba na ado ba ne. In za a yi faci, a matsa nesa da hanya, a haska ƙasa kafin a zauna ko a ɗora hannu, domin kububuwa da kunama da dare suke yawo.

Akwai kuma maganar tsaro. Maƙwabciyarmu jihar Diffa ta shiga dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, kuma jami'an da ke bisa wannan hanya a faɗake suke. Ku sa kanku a matsayin jandarma da ke shinge da ƙarfe ɗaya na dare, sai ga samari ashirin sun ɓullo daga duhu babu sanarwa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. A rage gudu tun daga nesa, a sunkuyar da tocila, a yi sallama, mutum ɗaya ya yi magana da sunan kowa. In tafiyar mai yawa ce, shugabanni su sanar da hukuma tun da rana, a kuma aika wa mai garin da za a je.

In abin ya faru

Allah ya kiyaye, amma a san abin yi. Masu koyar da agajin farko, irin su Kuros Ruj, matakai uku suke koyarwa: a kare wurin, a kira taimako, sannan a yi agaji. Farko mutum biyu su ruga da fitila, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar taku 150, su tsayar da abin da ke zuwa, sauran su kwashe kekuna su bar kwalta. Taron da ya yi da'ira a tsakiyar hanya cikin duhu hatsari na biyu yake jira. Lambar ƴan sanda 17, ta masu kashe gobara da ceto 18, amma madugu ya tafi da lambar wani mai mota a gari da ta ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Wanda ya bugu a kai ko wuya ko baya, kada a cicciɓe shi hannu da ƙafa, sai in barinsa a wurin ya fi hatsari, sannan a ɗauke shi mutum da yawa, kai da wuya da gadon baya a miƙe. Jini a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa. Ba a zuba ƙasa ko man inji ko toka a rauni. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. In yana numfashi, a juya shi bisa gefensa a hankali don kada amai ya shaƙe shi. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, musamman in ya yi amai ko barci yana fizgarsa. Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada uwa ta fara ganin ɗanta kwance a hoton WhatsApp.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Na san wani zai ce, malam, in kwana ya ƙare ko da fitila goma sai an tafi. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma wanda ya faɗi haka yana kulle shagonsa da dare, yana ɗaure akuyarsa. Malamanmu suna nan zaune, su suka koya mana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Kuma akwai haƙƙin direban da za mu jefa cikin baƙin cikin da zai bi shi har kabari, a kan abin da ƴar tocila za ta hana.

Saboda haka ina miƙa wa shugabanni buƙatu huɗu. A ware wani abu daga asusu a sayi jile da jajayen fitilu da famfo da kayan faci, su zama na ƙungiya, a riƙa ara ana maidowa. A sa ranar duba kekuna kafin azumi, a gayyato masu gyaran keke na cikinmu, telolinmu maza da mata kuma su ɗinka ratsin haske. A nemi masu agajin farko su koyar da aƙalla mutum biyu a kowace unguwa. Sannan a rubuta doka ɗaya a littafin ƙungiya: keken da ba shi da ja a baya ba ya bin ayarinmu da dare, ko na shugaba ne.

Ƙannena, ku da aka fi bari a baya, in kun gaji ku faɗa, in an yi muku nisa ku yi kira, ba abin kunya ba ne. Yayyena, uwar da ta bar ɗanta ya bi mu cikin dare don ta ji sunan ƙungiya ne, da sunayenku. Ranar da za a sake tafiya, ina fatan in ga manyanmu suna rige-rigen zama a ƙarshen layi.

Allah ya tsare mu a tafiyarmu da zamanmu, ya tsare direbobi da fasinjojinsu, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka da shekaru masu yawa.